Baƙin Allon da Ke Bayan Alƙaluman Lafiyar Jigawa

A shekarar 2017 aka fitar da sakamakon wani bincike na gida-gida wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar da tallafin UNICEF, kuma abin da ya faɗa game da Jigawa bai yi wa kowa daɗin ji ba. Cikin kowane yara ɗari masu watanni 12 zuwa 23, bakwai kacal aka samu sun karɓi zagaye na uku na allurar Penta, wadda ake yi wa jariri a mako na 6 da na 10 da na 14 don kare shi daga cututtuka biyar, ciki har da mashaƙo da tarin shiƙa da wani nau'in ciwon hanta. Sakkwato ta zo ƙasa da haka, da kashi 3. Najeriya baki ɗaya ta tsaya a kashi 33.

Abin da ya ƙara wa adadin ɗaci shi ne akwai wani adadin da hukuma ke riƙe da shi tun kafin nan. Wata bayan wata asibitocin ƙasar suna aika rahoton allurar da suka yi, ana zuba shi cikin rumbun bayanai na ƙasa, lissafin rumbun kuwa yana nuna kamar da ƙyar aka bar wani yaro a baya. Yaran su ne dai, shekarar ita ce dai, amma masu ƙwanƙwasa ƙofa sun dawo da amsa ɗaya, kwamfuta tana ba da wata. A wannan shekarar, Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan rigakafin yara.

Kwamfutar ba ta yi kuskuren lissafi ba. Abin da aka zuba mata ta tara, da abin da aka ce ta raba ta raba. Duk mai son fahimtar yadda aka kai ga amsa biyu sai ya bi sawun adadi guda, tun daga littafin wani ɗakin shan magani a Kiyawa ko Jahun har zuwa inda yake kwana. A ƙarshen wannan hanya babu taswira mai launi, babu maɓallin da ake latsawa da linzami. Baƙin allo ne da ɗan ɗigo mai ƙiftawa, yana jiran a rubuta masa umarni. Mutane ƙalilan ne suke da izinin zama gabansa, kuma yawancin waɗanda alƙaluman suka shafa ba su taɓa jin labarinsa ba.

Tsohon rumbu

Kafin 27 ga Agustan 1991, ranar da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, Dutse da Birnin Kudu da Gwaram da Jahun da Ringim sun shafe mafi yawan ƙarnin a matsayin gundumomin masarautar Kano. Tarihinsu da rajista daga haraji ya faro. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, babu abin da ya dame su kamar kuɗin shiga. Dokar haraji ta 1906 ta nemi dunƙule kuɗaɗen da ake karɓa iri-iri, aka umarci hakimai su bar birni su tare a gundumominsu, aka kafa baitulmali. Daga nan kowane matakin sarauta ya zama matakin lissafi. Mai unguwa ya ƙidaya magidanta, dagaci ya haɗa na unguwanni, hakimi ya haɗa na ƙauyuka, malaman haraji su rubuta a kai birni. A ƙasar Kano har aka ɓullo da tsarin taki, inda malamai ke auna gona da takun ƙafa, tsawo da faɗi, sannan a yanka wa mai ita kuɗi gwargwadon girmanta.

Littafin haraji rumbun bayanai ne da cikar ma'anarsa. Kowane layi mutum ɗaya ne, kowane ginshiƙi kuma yana ɗauke da abu ɗaya game da shi: suna, ƙauye, abin da aka yanka masa, abin da ya biya. Nakasarsa tana wajen tambaya. Idan Razdan yana son sanin magidanta nawa ne suka yi shekara uku a jere ba su biya ba a gundumar Dutse, sai malami ya yi kwanaki da littattafai uku a gabansa yana bin suna-suna da yatsa. Tambayar da ba a tanadi ginshiƙinta tun farko ba kuwa, ko shekara za a yi ana bincike ba ta da amsa.

Akwai nakasa ta biyu, wadda ta mutane ce. Kusan duk wanda littafin ya ƙunsa yana da abin da zai samu idan adadin ya ragu. Makiyayi kan kaɗa shanunsa ya tsallaka wata gunduma idan lokacin jangali ya ƙarato, maigida kan ɓoye saurayin da ya isa biya, mai riƙe da alƙalami kuwa yana iya tsallake suna ko ya ƙara, kuma babu shafin da zai tona shi. Da gwamnatin PRP ta Muhammadu Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a 1979, murnar talakan ƙauye ta haɗa da murnar rabuwa da wannan littafi. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan a ransa, domin littafin asibiti ya gaji siffar littafin haraji, sai dai matsin da ke kansa ya juye: a can riba tana cikin ragewa, a nan yabo yana cikin ƙarawa.

Harshen tambaya

Shekara tara kafin a soke harajin, a watan Yunin 1970, wani masanin lissafi ɗan asalin Ingila mai suna Edgar Codd, wanda ke aiki a cibiyar binciken kamfanin IBM da ke San Jose a Kalifoniya, ya wallafa maƙalar da ta sauya yadda ake ajiye bayanai a kwamfuta. Kafin shi, mai son ciro bayani dole ya san hanyar da aka bi aka ajiye shi, kamar mai neman kaya a ɗakin da mutum ɗaya ne ya san tsarinsa. Shawarar Codd ita ce a zuba komai cikin jadawalai masu layi da ginshiƙi, a ɗaura jadawali da jadawali ta wata lamba da suka yi tarayya a kanta, sannan mai tambaya ya faɗi abin da yake so kawai, ya bar wa na'ura wahalar nemowa. A 1974 wasu abokan aikinsa biyu, Donald Chamberlin da Raymond Boyce, suka tsara harshen da za a riƙa yin tambayar da shi. Sun kira shi SEQUEL, daga baya sunan ya koma SQL. Boyce bai ga abin da harshen ya zama ba, domin a shekarar ya rasu bai kai talatin ba. Kamfanin da ake kira Oracle a yau ya fara sayar da rumbu mai jin wannan harshe a 1979, kuma a 1986 hukumar daidaita ma'aunai ta Amurka ta tsayar masa da ƙa'idoji na bai-ɗaya.

Ƙashin bayan harshen kalmomi uku ne na Ingilishi: SELECT, wato zaɓo kaza, FROM, daga jadawali kaza, WHERE, inda sharaɗi kaza ya cika. Tambayar da ta ci wa malamin haraji kwanaki ta koma jimla guda.

Rubutawa ake yi, don a lokacin babu wata hanya. Masu aiki da manyan kwamfutocin shekarun 1960 da 1970 suna magana da su ne ta wata na'ura mai kama da tafireta: mutum ya buga layi, na'ura ta buga amsa a kan takarda. Da allo ya maye gurbin takarda salon bai canza ba, kuma tsarin Unix, wanda aka fara a ɗakunan binciken Bell a 1969, ya mayar da wannan layin umarni gidan da ma'aikacin kwamfuta ke wuni a ciki. A Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Michael Stonebraker ya jagoranci gina rumbun Ingres, sannan a 1986 ya fara wanda ya gaje shi, Postgres. Ɗalibai biyu, Andrew Yu da Jolly Chen, suka koya wa Postgres harshen SQL a tsakiyar shekarun 1990, suka haɗa masa da wata ƙaramar manhaja ta yin tambaya daga layin umarni, mai suna psql. A 1996 aka raɗa wa rumbun suna PostgreSQL. Kyauta ne, kowa na iya saukewa, kuma masana daga ƙasashe da dama ne suke kula da shi har yau.

Mutum zai yi zaton zuwan Windows da linzami da wayar hannu ta zamani zai kashe baƙin allo. Bai mutu ba, dalilin kuwa yana komawa ga nakasar littafin haraji. Maɓalli yana amsa tambayar da maginin manhaja ya hango ne kawai. Shi ma ginshiƙi ne da aka tanada tun farko. Wanda ya iya rubuta tambaya da hannunsa ba ya jiran a gina masa maɓalli. Umarnin da aka rubuta ana iya adana shi, a maimaita shi wata mai zuwa harafi da harafi, a miƙa wa wani ya duba ko akwai kuskure. Kuma rubutu ba shi da nauyi. Layin intanet ɗin da zai gaza buɗe shafi mai hotuna zai iya kai umarni ya dawo da amsa, wanda duk ya san halin sadarwa a wajen manyan birane kuwa ya san darajar wannan.

Yadda rumbun ya iso Dutse

Jigawa ta yi suna da wuri a harkar kwamfuta. Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, ya kafa cibiyar koyar da fasahar sadarwa a Kazaure tare da kamfanin Informatics na Singafo, ya kuma kafa kamfanin Galaxy don samar da intanet, a lokacin da da yawa daga cikin jihohin da suka fi ta arziki ba su fara wannan tunani ba. An yi ta muhawara a kan ko jihar da ke fama da ƙarancin ajujuwa da ruwan sha ta dace da irin wannan buri. Amma canjin da ya fi daɗewa a fannin bayanai ya shigo ta ƙofar da ba a buga mata ganga ba, ƙofar ma'aikatar lafiya.

A 2002 hukumar raya ƙasashe ta Birtaniya, DFID, ta fara wani shiri na gyaran tsarin lafiya mai suna PATHS a wasu jihohin Najeriya, Jigawa na cikin na farko-farko. Ta hannun shirin ne wata manhaja mai suna DHIS ta iso jihar. Asalinta Afirka ta Kudu. Bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata a 1994, masana daga Jami'ar Western Cape da Jami'ar Oslo ta Norway suka tsara ta don gundumomin lafiya su riƙa tattara alƙalumansu suna amfani da su da kansu. Aƙidar maginanta ke nan tun farko, cewa wanda ya tara adadi shi ya fi cancanta ya fara karanta shi. An gina sigar farko a kan Microsoft Access, wato rumbun gaba ɗayansa fayil ne da ke zaune cikin kwamfutar ofis.

Hanyar da adadi ke bi ba ta bambanta sosai da ta zamanin hakimai ba. Ma'aikaciyar lafiya ta rubuta yaro a rajista, ta yi masa zane a takardar ƙidaya ta ranar. Ƙarshen wata mai kula da asibitin ya tara, ya cike fom ɗin taƙaitawa. Fom ya hau babur zuwa ofishin da ke sama da shi, jami'in bayanai ya shigar a kwamfuta, ya fitar da fayil a filashi ko ya tura ta imel zuwa Dutse. Jihar na da ƙananan hukumomi 27 da mazaɓu 287, tsarin Gunduma da aka kafa a 2007 kuma ya karkasa asibitocinta ƙarƙashin majalisu tara. A kowace gaɓa akwai inda adadi zai iya yin tuntuɓe: wuta ta ɗauke, kwamfuta ta kamu da cuta daga filashi, fayil biyu su saɓa a rasa wanne ne na ƙarshe, jami'in da aka horar a canza masa wurin aiki.

Maganin da aka samo shi ne a daina yawo da fayil. Sabuwar sigar manhajar, DHIS2, wadda aka fara amfani da ita a jihar Kerala ta Indiya a 2006, ta intanet take aiki: rumbu ɗaya a kan babbar kwamfuta, wadda masu fassara ke kira uwar garke, kowa ya shiga da sunansa da kalmar sirrinsa. Kenya ta ɗora ƙasarta kacokan a kan wannan tsari a 2011. A 2013 Majalisar Lafiya ta Ƙasa ta amince DHIS2 ta zama hanyar rahoton lafiya na yau da kullum a duk faɗin Najeriya. Yau ƙasashe fiye da 70 ne ke amfani da ita. Rumbun da ke ƙarƙashinta kuwa PostgreSQL ne, wancan da ɗaliban Berkeley suka yi wa psql.

Ribar ta fito fili. Adadin da aka shigar a Gwaram da safe ana iya ganinsa a Dutse da Abuja ba sai wani ya hau mota ba, kuma rigimar wanne fayil ne na gaskiya ta ƙare. Amma akwai abin da aka bayar a madadin haka, wanda ba a cika ambata ba. A zamanin Access, rumbun da duk rauninsa yana kan teburin jami'in jiha, yana iya buɗe cikinsa. A zamanin DHIS2 rumbun yana ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. Jami'in da ke Dutse yana ganin alƙaluman jiharsa ta tagar da aka buɗe masa, da maɓallan da aka gina masa. Ƙofar baya, inda ake magana da rumbun kai tsaye, tana hannun masu kula da uwar garke.

Zama a gaban allon

Mai kula da rumbu yana shiga uwar garken daga nesa ta amintaccen layi, ya rubuta psql da sunan rumbun, ya danna maɓallin Enter. Allon ya amsa masa da sunan rumbun da alamar jira. Idan ya rubuta \dt za a jero masa dukkan jadawalai, waɗanda a DHIS2 sun kai ɗaruruwa. Huɗu daga ciki su ne ainihin lamarin. Ɗaya na wurare ne, tun daga ƙasa zuwa jiha da ƙaramar hukuma da mazaɓa da asibiti. Ɗaya na abubuwan da ake ƙidayawa, kamar haihuwa a asibiti ko Penta ta uku. Ɗaya na lokuta. Na huɗun, mai suna datavalue, nan adadin kansa yake kwance, kuma kowane layinsa yana cewa ne: abu kaza, a wuri kaza, a wata kaza, ya kai kaza. Yana kuma ɗauke da sunan wanda ya shigar da shi da lokacin da aka taɓa shi na ƙarshe.

A rumbun Najeriya sunan kowane wuri yana farawa da haruffa biyu na jiharsa, na Jigawa kuwa jg ne. Don haka mai son sanin wurare nawa jihar ke da su a rumbun zai rubuta:

SELECT count(*) FROM organisationunit WHERE name LIKE 'jg %';

Ma'anarsa: ƙidayo layukan jadawalin wurare waɗanda sunansu ya fara da jg. Alamar da ke can ƙarshen layin ita ke shaida wa psql cewa magana ta ƙare. Sabon shiga kan manta da ita ya zauna yana jiran allo, allon ma yana jiransa.

Tambaya ba ta ɓata komai. Haɗarin yana cikin sauran kalmomin harshen. UPDATE yana canza abin da ke cikin layi, DELETE yana share layin, kuma dukkansu biyun sun dogara ga WHERE don sanin iyakarsu. Wanda ya yi nufin share rahoton asibiti ɗaya na wata ɗaya, ya manta sharaɗin, ya share na kowane asibiti na kowane wata tun ranar da aka kafa rumbun. Ita psql ba ta tambayar mutum ko ya tabbata. Tana aiwatarwa, ta faɗi adadin layukan da ta shafe, ta koma jira. Shi ya sa gogaggu suke da ladubba. Sukan fara rubuta umarnin da SELECT don su ga abin da zai taɓa. Sukan buɗe aiki da BEGIN, wanda ke sa rumbun ya riƙe canjin a matsayin na wucin gadi. Idan adadin da ya fito ya zarce abin da ake tsammani sai a rubuta ROLLBACK, komai ya koma yadda yake. Idan ya yi daidai a rubuta COMMIT ya tabbata. Kafin babban aiki kuma sukan ɗauki kwafin rumbun duka da wani umarni mai suna pg_dump.

Ko wannan kwafin sai an gwada shi. Ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab, wanda ke ajiye wa masu rubuta manhaja ayyukansu, yana gyaran wata matsala cikin dare a gajiye, ya ba da umarnin share kundin fayilolin rumbu yana zaton a kan kwamfutar kwafi yake, alhali yana kan ta ainihi. Kafin ya farga ya tsayar, daga kimanin gigabait 300 saura 4.5. Da aka koma ga kwafin ajiya sai aka tarar pg_dump yana gazawa shiru, saboda sigarsa ta tsufa ga sigar rumbun, saƙonnin gargaɗin kuma ba sa isa ga kowa. Wani kwafi da aka ɗauka kimanin awa shida kafin nan, don wata buƙata dabam, shi ya cece su. Kamfanin da kansa ya wallafa labarin dalla-dalla, kuma rumbun nasu PostgreSQL ne, irin wanda alƙaluman Jigawa ke ciki.

Ga mai bin tarihin rajista, akwai abin da ya fi kuskure muhimmanci. Idan jami'i ya canza adadi ta shafin DHIS2, manhajar tana rubuta tsohon adadin da sunan wanda ya canza a wani jadawali na bin diddigi. Idan aka canza shi kai tsaye daga psql, an zagaye manhajar, don haka wannan jadawalin ba zai san an yi ba, sai dai in an kunna wa rumbun nasa tsarin lura. Siffar kayan aikin ce, a Abuja ko a Oslo, kuma faɗarta ba zargin kowa ba ne. Amma tana nufin ikon malamin haraji na tsallake suna bai ɓace ba. Ya tattaru ne daga hannun ɗaruruwan malamai ya koma hannun mutane kaɗan, waɗanda alƙalaminsu ke taɓa layi miliyan a bugu ɗaya. Su wa ke da wannan mabuɗi, wa ke duba abin da suka rubuta, batu ne na mulki da bai kamata a bar wa injiniyoyi su kaɗai ba.

Komawa ga kashi 7

Giɓin 2017 bai buƙaci kowa ya taɓa rumbu ta ƙofar baya ba. A farkon hanya da kuma ƙarshenta ya samu. A farkon akwai matsin da aka ambata. Asibitin da aka ɗora wa adadin yaran da dole ya cimma a wata, aka kuma auna ƙwazon mai kula da shi da wannan adadi, yana da dalilin cike fom da abin da ake son gani. Wani lokacin ma ba da niyya ba: rajista ta ƙare ba a kawo sabuwa ba, an fita ƙauye allura an ƙidaya yaro sau biyu, ko an cike fom da ka ranar da za a kai shi. Binciken gida-gida shi ma yana da rauninsa, tunda inda babu kati da tunawar uwa yake dogara. Sai dai tazarar da ke tsakanin 33 da kusan 100 ta fi ƙarfin mantuwar iyaye mata.

Yawancin irin wannan kumburi yana barin sawu a cikin rumbun, kuma tambaya mai kyau tana iya gano shi. Yaro ba ya karɓar Penta ta uku sai ya karɓi ta farko, don haka asibitin da ta ukunsa ta fi ta farkonsa yawa shekara guda cur yana da bayanin da zai yi. Haka wanda adadinsa bai motsa ba wata goma sha biyu, rani da damina, ko wanda kullum lissafinsa ke ƙarewa da sifili, ko wanda ya yi allurar da ta fi ƙarfin kwalaben da aka kai masa. Kowace ɗaya tambaya ce ta 'yan layuka a SQL. An daɗe da sanin su, har an gina wasu cikin kayan tantance ingancin bayanai na DHIS2. Mai yin tambayar, da shugaban da ke son jin amsar, su ne suka yi ƙaranci.

Ƙofar kuwa ba a rufe take ruf ga jiha ba. DHIS2 tana da mashigar da ke ba duk mai asusu damar janyo alƙaluman da aka yarje masa daga layin umarni, da ƙaramar manhaja irin curl, ya zuba su a nasa rumbun, ko da SQLite ne, wanda Richard Hipp ya fitar a 2000 kuma yake zaune cikin kowace wayar Android da iPhone. Daga nan yana iya yin duk tambayar da ya ga dama ba tare da ya taɓa na ƙasa ba. Jihar da ke da cibiyar Kazaure, da Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, ba ta rasa matasan da aka koya wa SELECT a aji. Sai dai horon da aka fi yi wa jami'an bayanai na shigarwa ne, abin da aka fi auna su da shi kuma shi ne kashi nawa na fom ya iso kafin wa'adi.

Bayan dokar ta-ɓacin 2017 an kafa cibiyoyin daidaita rigakafi a matakin ƙasa da jihohin da suka fi rauni, aka riƙa aika masu bincike gidaje lokaci-lokaci don a gwada abin da fom ke faɗa da abin da ke cikin kati. Binciken 2021 ya nuna Jigawa ta tashi daga kashi 7 zuwa 49. Ci gaba ne babba, amma yaran da aka tsallake a shekarun da rumbu ke cewa an yi musu suna nan sun girma. Da mashaƙo ya ɓarke a Arewa daga ƙarshen 2022, Kano ce cibiyarsa, Jigawa ma ta samu rabonta, kuma mafi yawan waɗanda ya kama yara ne 'yan ƙasa da shekara 15 da ba su kammala rigakafi ba.

Saura ƙarshen hanya, wato rabawa. Kashin rigakafi shi ne adadin yaran da aka yi wa, a raba da adadin yaran da ake da su. Na farkon daga fom yake fitowa. Na biyun hasashe ne. Ana ɗauko yawan jama'a daga ƙidayar 2006, wadda ta ba Jigawa mutum 4,361,002, a ƙara masa kusan kashi 3 cikin ɗari kowace shekara, sannan a ɗauki kashi 4 na abin da ya fito a ce su ne jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya. Da wannan ma'auni ake auna ko'ina, ko Dutse ce da ta cika ta batse tun da ta zama babban birni, ko ƙauyen da ambaliyar Kogin Haɗeja ta tasa, ko mazaɓar da makiyaya ke sauka rabin shekara. Inda ainihin jariran suka fi hasashe yawa, asibiti na iya nuna kashi 120 alhali ya bar yara da dama a baya. Inda suka gaza hasashe, mai ƙwazo zai yi ta shan faɗa a kan yaran da ba a haifa ba. Wannan adadi shi ma layi ne a jadawalin datavalue kamar kowane layi, kuma psql za ta nuno shi ga duk wanda ya tambaya, har da ranar da aka shigar da shi. An sa ranar sabuwar ƙidaya a watan Mayun 2023, aka ɗage ta ana saura 'yan kwanaki, lissafin rigakafin Jigawa kuma ya ci gaba da rabawa da hasashen da aka ɗora a kan adadin 2006.